Ƙusa da dutse: me ya raba tsohon rubutun bango da ɓarna?

A watan Yunin 2023 wani ɗan yawon buɗe ido ya ciro makulli daga aljihu, ya karta sunansa da na budurwarsa a bangon Kolosiyam, tsohon filin wasan birnin Rum da aka buɗe tun shekara ta 80 miladiyya. Wani da ke tsaye bayansa ya ɗauke shi da salula, hoton ya zaga duniya, har ya iso fadarmu a nan Tawa muna kan shayi na biyu. Kafafen labarai suka ce mutumin zai iya fuskantar tarar yuro 15,000, kusan miliyan 10 na sefa ke nan, ko ɗauri har na shekara 5. Sai wani ƙanenmu ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, ni fa ban gane ba. In mutumin da can ya yi a kira shi tarihi, har a sa masa gilashi kada a taɓa. In na yau ya yi a kira shi maɓarnaci. Ashe ba hannu ɗaya ba ne da ƙusa ɗaya?"

Ranar ban iya ba shi amsa mai gamsarwa ba, kuma tambayar ta daɗe tana cina. Yaron yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin abin da ya tura hannun mutumin da shi ne ya tura na mutumin yau. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba.

Mu fara da abin da ke jikin bangayen. Duk wani babban gini na dutse yana ɗauke da rubutu iri biyu. Akwai wanda mai gini ya sa a yi: sunan sarki, yaƙe-yaƙen da ya ci, kirarinsa, an biya gwani ya sassaƙa shi a wurin da kowa zai gani. Akwai kuma wanda ba wanda ya ba da izininsa, wanda soja ko mai ziyara ko ɗan kurkuku ko lebura ya karta da bakin wuƙa a wani lungu. Na farkon shi ne abin da masu mulki suka so a tuna. Na biyun shi ne abin da talaka ya ga dama ya faɗa lokacin da ba mai kallonsa, kuma sau da yawa ba shi da wata shaida a duniya ta cewa ya taɓa rayuwa sai wannan ƴar kartar.

A Abu Simbel da ke kudancin Masar, Fir'auna Ramsis na biyu ya sa an sassaƙa masa manyan gumaka huɗu a jikin dutse. Fiye da shekara 600 bayan haka, wajen 593 kafin miladiyya, wasu sojojin haya Girkawa da ke yi wa Fir'auna Samtik na biyu yaƙi a ƙasar Nuba suka biyo ta wurin. Suka karta a ƙafar ɗaya daga cikin gumakan cewa sun zo tare da rundunar, sun bi kogi har inda ya ba su hanya, suka faɗi sunayen jagororinsu da na waɗanda suka yi rubutun. A idon mai gadin wurin, in da akwai shi, wannan raini ne ga Fir'auna. Yau kuwa masu tarihi suna dogara da shi wajen sanin su wane ne suka yi wancan yaƙi, kuma yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci da suka rage.

Wanda ya fi taɓa ni a Masar shi ne na tsibirin Filai. A ranar 24 ga Agusta ta shekarar 394 miladiyya wani mai hidimar ɗakin bauta ya karta ƴan layuka a jikin wata ƙofa da tsohon rubutun Fir'aunoni, mai siffar tsuntsaye da idanu. Shi ne na ƙarshe da aka sani mai kwanan wata. Rubutun da aka yi shekara fiye da 3,000 ana amfani da shi, ga wurin da ya tsaya, a hannun mutum ɗaya. Daga nan aka manta yadda ake karanta shi har zuwa 1822. A wannan tsibirin dai sojojin Faransa da suka shiga Masar tare da Nafoliyon suka sassaƙa nasu bayanin a 1799. Tsibiri ɗaya ne ya ɗauke su duka.

A masallacin Aya Sofiya na Santambul, wanda aka kammala a 537 a matsayin majami'a, akwai wata karta a kan dutsen baranda ta sama da harufan mutanen arewacin Turai. Ta goge sosai, amma masana sun iya karanta suna: Halfdan. Ana ganin ɗaya ne daga cikin mayaƙan arewa da suka riƙa yi wa sarakunan birnin aikin tsaro. A Hasumiyar Landan kuwa, fursunonin ƙarni na 16 sun cika bangon ɗakunan da aka tsare su da sunaye da addu'o'i, wasu da irin kyan da sai wanda ya yi watanni ba shi da aikin yi zai iya. Su kuma maginan manyan majami'un Turai kowa yana da alamarsa da yake bugawa a dutsen da ya fafe, domin a san aikin wane ne, a kuma lissafa masa ladansa. Duk wanda ya taɓa ganin masu buga bulo suna ƙirga nasu da yamma don a biya su ya san wannan lissafin.

Garin Fomfai na Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, shi ya fi kowane yawan irin wannan. An samu dubbai: gaisuwa, zagi, soyayya, bashi, tallar ƴan takara. Har wani ya rubuta cewa yana mamakin yadda bango bai rushe ba saboda nauyin surutun marubuta. A 2018 masu tono suka ga wani rubutun gawayi a bangon wani gida da ake gyarawa, mai kwanan watan da ya yi daidai da 17 ga Oktoba. An daɗe ana koyar da cewa garin ya halaka ranar 24 ga Agusta. Da yake gawayi ba ya daɗewa a bango, masana da yawa suka ɗauki wannan a matsayin ƙarin hujja cewa aman wutar ya faru ne bayan tsakiyar Oktoba. Ana ci gaba da muhawara a kai, amma ka ga yadda ɗan zanen gawayi ya girgiza abin da ke cikin littattafai.

Zan so in daɗe kaɗan kan wani da ya fi kusa da zuciyarmu. A wani dutse kusa da Al'ula a ƙasar Saudiyya, kan tsohuwar hanyar ayari, wani mutum ya karta da Larabci: da sunan Allah, ni Zuhairu na rubuta a lokacin da Umar ya rasu, shekara ta ashirin da huɗu. Shi ke nan. Ba a san ko wane ne Zuhairu ba, bai faɗi ƙabilarsa ba, bai faɗi inda za shi ba. Amma wannan layin, na shekara ta 24 bayan hijira, wato 644 miladiyya, yana cikin mafi tsufan rubutun Musulunci masu kwanan wata da aka samu. Ya zo daidai da abin da littattafan tarihi suka ruwaito game da lokacin rasuwar Sayyidina Umar, alhali littattafan an rubuta su ne bayan haka da shekaru masu yawa. Ya nuna tun lokacin mutane na ƙirga shekara da hijira. Kuma wasu harufansa na da ɗigo, wanda ya nuna sanya ɗigo a harufan Larabci ya riga zamanin da mutane da yawa ke zato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundinta na muhimman rubuce-rubucen duniya a 2003. Matafiyi ne ya tsaya a inuwar dutse, ya ji mutuwar shugabansa, ya rubuta. Da ya wuce bai rubuta ba, da mun rasa duk wannan.

To yaya masana ke sanin wannan tsoho ne, wancan kuma na bara ne, in babu kwanan wata? Dutsen da ke fili yana yin wata baƙar fata a hankali, daga ƙura da sinadaran ƙarfe da ke manne masa cikin ɗaruruwa ko dubban shekaru. In ka karta shi, cikin kartar zai fito da haske, kamar sabon ciwo a jikin baƙin mutum. Da daɗewa kartar ita ma sai ta yi duhu. Saboda haka idan zane biyu na gefe ɗaya a dutse ɗaya, wanda ya fi duhu galibi shi ne babba. Sai kuma a duba wane layi ya hau kan wane, don na sama bai iya riga na ƙasa. Ana duba siffar harufa, yadda malamin da ya saba da tsofaffin takardu yake gane hannun mutanen da. Ana duba abin da aka zana: a Sahara, zanen shanu da namun dawa ya girmi na dawaki, na dawaki ya girmi na raƙuma, domin raƙumi bai yaɗu a nan ba sai wajen shekara 2,000 da suka wuce. Akwai ma wata alama da mutumin Adar zai gane nan take. A wasu ɗakunan bautar Masar sunayen matafiya na ƙarni na 19 suna can sama inda hannu bai kai wa. Ba tsani suka hau ba. Rairayi ne ya cike ginin a lokacin, suka tsaya a kansa suka rubuta, daga baya aka kwashe. Mun ga yadda rairayi ke haɗiye katanga a garuruwan arewa har yaro ya taka ya leƙa cikin gida.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne lamarin ya sha bamban. Manyan gine-ginen tarihinmu na laka ne. Masallacin Agadas da aka fara ginawa a 1515, aka sake gina shi a 1844, mai hasumiya mita 27, laka ne. Fadar Sarkin Damagaram laka ce. Masallacin Yama da ke nan jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, shi ma laka ne. Ginin laka kuwa yana rayuwa ne da yaɓe. Damina ta zo ta wanke, rani ya yi a kwaɓa ƙasa a sake shafewa. Duk almajirin da ya karta sunansa a bangon zaure, duk baƙon da ya zana wani abu yana jiran a yi masa iso wurin sarki, yaɓe na gaba ya rufe shi. Abin da ke riƙe ginin shi ne ke share muryar waɗanda suka zauna a inuwarsa. Wannan ya sa in muka ga hotunan bangayen Turai da Masar sai mu ɗauka mu ba mu da irin wannan gado.

Muna da shi, amma a daji yake. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan fa, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na jikinsa. Ana ƙiyasta shekarunsu da dubu shida ko fiye, kuma kewayen wurin akwai wasu zane-zane fiye da 800. Yau in kana son ganin raƙumin dawa mai rai a Nijar, wajen Kure ake zuwa, kusa da Yamai. Dutsen Dabus shi ke shaida cewa sun taɓa kiwo a inda yanzu sai duwatsu da rana. Sannan a duwatsun Abzin, kusa da rijiyoyi da mashigai, akwai rubutun tifinag na Abzinawa ba iyaka. Da yawansu suna farawa da "awa nak", wato "wannan ni ne", sai suna, sai ɗan saƙo, sau da yawa gaisuwa ko maganar soyayya. Karanta tsofaffin yana da wuya ko ga masu harshen, domin ba a rubuta wasula, ba a raba kalmomi, kuma layi na iya tafiya ta kowace fuska. Amma ka lura da mafarin: wannan ni ne, wane. Abin da Zuhairu ya ce ke nan, shi Halfdan ya ce.

A maƙwabciyarmu Mali, a kufan Assuk da ke yankin Kidal, wato tsohon birnin Tadmakka, akwai rubutun Larabci a duwatsun da ke kewaye da garin, mafi tsufa mai kwanan wata na shekarar 404 bayan hijira, wajen 1013 miladiyya. Yana cikin rubutu mafi daɗewa mai kwanan wata da aka yi a Afirka ta Yamma. Malamin Andalus Al-Bakri bai rubuta bayaninsa kan Tadmakka ba sai 1068. Ma'ana, kafin wani na waje ya ba da labarinsu, mutanen wurin sun riga sun rubuta da hannunsu cewa suna nan, Musulmi ne, suna ƙirga shekara da hijira. Ga mutanen da aka daɗe ana gaya wa cewa tarihinsu na baka ne kawai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai mu koma ga tambayar ƙanena. Amsar da na tsaya a kai ita ce, tsufa kaɗai ba shi ke ba karta daraja ba. Abin da ke ba ta daraja shi ne ta zama ita kaɗai ce ta rage. Sojan Girka na Abu Simbel ba shi da takardar haihuwa, ba shi da hoto, ba shi da lambar waya. In ka goge layinsa ka goge shi baki ɗaya. Mutumin Kolosiyam kuwa sunansa na cikin fasfo, yana Facebook, yana cikin rajistar otal. Kartarsa ba ta ƙara wa kowa sanin komai ba. Sannan akwai yawa. A da, mutane kaɗan ne suka iya rubutu, kuma kaɗan ne ke isa irin waɗannan wurare. Yau miliyoyin mutane ke shiga Kolosiyam kowace shekara. In ɗaya cikin ɗari ya ciro makulli, cikin shekara goma ba sauran fuskar bango. Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muni: dutse ba allo ba ne da za a wanke a sake. Sabuwar karta tana cin wurin tsohuwa. Wanda ya rubuta sunansa a kan zanen Dabus ya yanke layin da ya yi shekara dubbai yana jiran mai karantawa.

Wannan ba zato ba ne. Tattakawa da karce-karce da ɓantarar gutsattsari sun sa aka saka Dabus cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a shekarar 2000, aka ɗauki samfurin raƙuman, aka kuma sa masu gadi daga mutanen yankin. A Akakus ta Libiya, a 2009, wani ya bi tsofaffin zane-zane da fentin feshi. Har masu kyakkyawar niyya suna ɓarna: mai zuba ruwa a zane don ya fito a hoto, mai bin layi da alli don a gani sosai, duk suna lalata fatar dutsen da ake gane shekaru da ita. Alhazanmu ma sun ga yadda ake cika duwatsun Jabalur Rahma da na kogon Hira da sunaye, hukuma na gogewa ana sakewa, malamai na ta faɗin cewa ba shi da asali a addini. Na san abin da ke zuciyar mai yi, ya kai wurin da ya yi shekaru yana tara kuɗin zuwa, yana son ya bar alama. Amma duwatsun Hijaz su ne ke ɗauke da rubutun mutanen farko, kuma ɗabi'ar da ke shafa fenti a dutse ba ta tambayar abin da ke ƙarƙashi.

Nijar na da doka kan kare kayan tarihi, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997. Doka kuwa ba ta tsaron dutsen da ke kwana biyu daga gari. Makiyayin da ke shayarwa a rijiyar kusa, da direban da ke bi da fasinja, su ne masu gadin gaskiya, in sun san darajar abin.

Akwai wani ɓangare da nake ganin muna sakaci da shi fiye da kowane, shi ne siminti. Tun da siminti ya shigo ƙasar nan muka samu bangon da ke riƙe rubutu. Magini kan sa shekara a saman ƙofar zaure tun simintin na ɗanye. Ɗan bida da ya dawo daga Abijan ko Libiya ya gina ɗaki, sai a rubuta Masha Allah da shekara a dokin ƙofa. A bakin rijiyoyi, a matakalar masallatai, a bangon tsofaffin lakkwal na zamanin Turawa, akwai sunaye da boko da ajami da tifinag. Ba su kai shekara ɗari ba, shi ya sa ba mai kallonsu. Amma a garin da takardun ofis suka sha ruwa ko gara ta cinye, wannan shekarar da ke bakin rijiya wataƙila ita ce kaɗai shaidar lokacin da aka haƙa ta, da wanda ya haƙa. Kullum kuma ana gyara, ana farfasawa, ana shafa fenti. Ba na cewa a bar gyara. Cewa nake kafin a ɗaga guduma a ɗauki hoto, a sa wani abu a gefe da zai nuna girma, a rubuta sunan wurin da ranar, a tambayi tsofaffi ko sun san mai sunan. Ɗaliban tarihi na jami'ar Abdu Mumuni da na jami'ar Tawa za su iya wannan aikin da salular da ke hannunsu lokacin hutu, kowa a garinsu. Cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai tana adana dubban tsofaffin takardun Larabci da ajami, kuma hotunan rubutun bango sun cancanci zama kusa da su.

A ƙauyen kakannina akwai wata rijiya mai bakin siminti. A gefen da mata ke ɗora guga akwai shekara da lambobin boko, ƙarƙashinta suna da ajami, an ja shi da tsinke tun kafin simintin ya bushe. Ina yaro na sha zama a kai ban taɓa karantawa ba. Da na koma bayan gardamar fadar nan, na tarar igiya ta cinye rabin sunan, harafi uku suka rage. Na kira wani tsoho da ke zaune a gindin bagaruwa, na ce, "Baba, wa ya rubuta nan?" Ya sunkuya ya shafa wurin da yatsa, ya faɗi sunan mai haƙar rijiyar da na ubansa da garin da ya fito, ya ce shi ne ya miƙa masa tsinken.